Katangar da Don Ulpiano Ya Gina

Ranar da na fara aiki a asibitin Paso Molle, mutumin da na fara cin karo da shi Don Ulpiano Techera ne. Na same shi rungume da wani tsoho, zai saka shi a bahon wanka, tsohon kuwa sai zuba masa zagi yake yi.

"Sake ni, ɗan banza mai warin tumaki!"

"In na sake ka, Don Aparicio, ai sai dai a kwashe ka da tsintsiya," in ji shi, ko murya bai ɗaga ba. Ya zaunar da shi cikin ruwan ɗumi a hankali, sannan ya waiwayo ya dube ni. "Ke ce sabuwar nas? Miƙo mini sabulun can, 'yar nan."

Shekarata ashirin da biyu a lokacin, na dawo daga makaranta a Montevideo da takardar shaida da farin takalmi, ina ji da kaina. Aikin da na fara yi wa gwamnati ke nan, miƙa sabulu.

Asibitinmu ƙarami ne, gado ashirin da shida, likita ɗaya, nas huɗu. Gwamnati ce ke biyan komai, daga albashinmu har itacen da ake hura wuta da shi lokacin sanyi. Idan ka shiga ta ƙofar gaba za ka bi wani dogon lungu, ka wuce ɗakin haihuwa da kicin, sai ka isa wani babban ɗaki mai gado goma sha huɗu, da baranda a gabansa inda rana ke sauka tun hantsi. Nan tsofaffi suke. Yawancinsu makiyaya ne da masu kora shanu da matan da suka ƙare rayuwarsu suna wanki da girki a gandayen kiwon masu hali. Ranar da ƙarfi ya ƙare sai a ga ba gida ba ɗa. Likitanmu, Dakta Larrosa, yakan kwantar da mutum saboda tari, tarin ya warke, shi kuma ya ƙi rubuta takardar sallama. Kowa a garin ya san haka, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Shi ma Don Ulpiano a kwance aka shigo da shi asibitin nan, shekaru goma sha biyar kafin zuwana. Asalinsa mai askin tumaki ne. Tun yana saurayi yake bin ayarin masu aski daga gandu zuwa gandu, su fara a watan Oktoba su gama gab da Kirsimeti. Aka ce a zamaninsa ba mai saurin hannunsa a duk yankinmu har bakin iyakar Brazil. Yana da shekara talatin da huɗu doki ya faɗi da shi ya danne masa ƙugu. Wata huɗu ya yi a gado, kuma da ya tashi ya tashi da ɗingishi, sunkuyon aski ya gagare shi har abada.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsoho da bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Da Ulpiano ya fara takawa da sanda, sai ya riƙa juya tsohon nan safe da yamma ba wanda ya sa shi. Babbar nas ta lokacin ta tsaya tana kallonsa wata rana, ta ga tsohon da yake ihu in su suka taɓa shi ya yi lamo a hannun wannan baƙauye.

"Ina ka koyi wannan?" ta tambaye shi.

"A jikin tumaki, ranki ya daɗe. Tunkiya in ta ji ka riƙe ta da gaske sai ta saki jiki. In ta ji hannunka na rawa, sai ta yi ta shure-shure."

Ita ce ta rubuta takarda aka ɗauke shi aiki. A takardar an ce shi mai shara ne da tura keken marasa lafiya. A aikace kuwa shi ne mai wanka, shi ne wanzami, shi ne mai raba faɗa.

Ba na jin kunyar cewa abin da ya koya mini ya fi abin da na koyo a makaranta amfani a wannan ɗakin. Shi ya hana ni kiran kowa "kaka" ko "baba tsoho". Ya ce, "Mutumin da ya rasa gona ya rasa gida, sunansa kaɗai ya rage masa. Kada ki ƙwace wannan ma." Shi ya nuna mini cewa ba a canza wa tsoho zanin gado a gaban baƙi, ba a kuma tambayarsa ko ya ci abinci, kwanon ake dubawa.

Har yau in na rufe ido ina ganin barandar nan ranar Asabar. Don Ulpiano zai jera su a kujeru, ya wasa askarsa a jikin fata, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasarmu, yana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ya zuƙa ya mayar, a ƙara ruwan zafi a miƙa wa na gaba. Rediyo na gefe ana sauraron farashin shanu, mutanen da ko akuya ba su da ita suna musu a kai kamar su za su sayar. Don Aparicio, wanda ya yi shekara hamsin yana kora garke a kan doki, shi ne sarkin tsokana.

"A hankali dai, ba ulu ba ne," yakan ce in aska ta zo wuyansa.

"Da ulu ne da na samu na sayarwa. Wannan gemu naka ko buroshin goge tukunya ba za a yi da shi ba."

Ranar da aka tashi da ruwan sama kuwa, matar Don Ulpiano, Doña Nélida, za ta iso da kwandon fanke mai zafi ta rufe shi da tawul. Akwai wata makauniya a ɗakin, Doña Celestina, tsohuwar mai wanki, ita ce take fara jin ƙamshin tun Nélida na bakin ƙofa. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ku gyara zama, arziki ya shigo!"

Shekara goma sha biyar muka yi a haka. Wasu suna tafiya, wasu suna zuwa. Duk wanda ya rasu Don Ulpiano ne ke yi masa wankan ƙarshe, ya sa masa rigarsa mafi kyau, ya bi gawar har maƙabarta da ɗingishinsa, ko da shi kaɗai ne a bayan akwatin.

Sai ga shekarar da aka turo mana wata mata daga babban birni, Doña Estela Irigoyen, da jaka da gilashin ido. Ba muguwa ba ce, kuma gaskiya ba ta ɓoye mana komai ba. Ta zagaya ɗakin, ta karanta katin kowa, sannan ta zaunar da mu a ofishin likita.

"Dakta," ta ce, "wannan bawan Allah an kwantar da shi saboda tari shekara goma sha ɗaya da suka wuce."

"Tari ne mai naci," in ji Dakta Larrosa.

Ba ta yi dariya ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta bayyana mana cewa tsari ya canza. Kuɗin da ake ba asibiti na marasa lafiya ne, waɗannan kuwa tsufa ne ke damunsu, tsufa kuma ba ciwo ba ne. Akwai wani ofishi daban mai kula da tsofaffi, amma shi gidajen tsofaffi yake ba kuɗi, ba asibitoci ba. Gidan tsofaffi mafi kusa yana babban garin lardi, tafiyar awa uku a mota. Can za a riƙa kai su biyu-biyu, gwargwadon yadda gado ya samu.

Doña Celestina na cikin biyun farko. Ranar da motar ta zo ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskar kowa da hannunta, ta ce wa Don Aparicio, "Kai ma dai Allah bai yi maka kyau ba," aka yi dariya, aka sa ta a mota.

Bayan wata guda Don Ulpiano ya ɗauki hutun kwana ɗaya, ya hau bas ya je duba ta. Washegarin dawowarsa, muna shanya zannuwa a bayan kicin, ya ce mini:

"Zulma, wurin yana da kyau. Ya fi namu tsabta, ga na'urar ɗumama ɗaki, ga abinci. Ma'aikatan ma ba laifi."

"To, ai mun gode Allah."

"Na same ta a zaune ta juya wa ƙofa baya. Ta ce mini, 'Ulpiano, a nan ba wanda ya san wankin wa na taɓa yi.'"

Ba ta cika wata biyu a can ba ta rasu. A can aka binne ta, ba ko mutum ɗaya daga Paso Molle, domin labarin bai iso mana ba sai bayan kwana huɗu.

Da Doña Estela ta dawo don ta tsara tafiyar biyu na gaba, Don Ulpiano ya tare ta a lungu, hularsa a hannu. Ina tsaye kusa ina jera magani a faranti.

"Ranki ya daɗe, ni ban yi karatu ba, ki yi mini afuwa. Mene ne bambancin gidan tsofaffi da wannan ɗaki namu?"

"A doka?"

"E, a doka."

Ta dube shi. "Gidan tsofaffi dole ya kasance da ƙofarsa ta kansa da ke fita titi. Da sunansa, da kwamitin mutanen gari da ke riƙe da shi. Kuma kada ya haɗu da asibiti, dole akwai abin da ya raba su."

"Kamar katanga?"

"Kamar katanga," ta ce. Ta cire gilashinta tana gogewa. "Ni dai aiki ya yi mini yawa. Ba na jin zan samu dawowa nan kafin wata uku."

Ranar Lahadin da ta biyo baya, mutum goma sha ɗaya suka hallara a asibiti, yawancinsu tsofaffin abokan askinsa ne da 'ya'yansu. Mai gasa bulo na bakin rafi ya kawo amalanke biyu na jan bulo, ya ce kada wanda ya yi masa maganar kuɗi, uwarsa a wannan ɗakin ta cika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ban taɓa ganin hannuwa da yawa da ba su iya aiki ba kamar na ranar nan. Ba magini ko ɗaya a cikinsu. Layin farko da suka ɗora ya karkace kamar bayan raƙumi, Don Aparicio yana zaune a kekensa yana ba da umarni.

"Wannan katanga ko kaza ta jingina da ita sai ta faɗi!"

"To taso ka gyara mana," in ji Don Ulpiano.

"Ni sufeto ne. Ka taɓa ganin sufeto da siminti a hannu?"

Sai da suka rushe suka sake sau biyu. Lahadi uku aka yi kafin katangar ta kai rufi, ta datse lungun daidai bayan ƙofar kicin. Suka fasa bangon gefen baranda suka kafa ƙofar da ke kallon titin baya. Malamar firamare ta rubuta allo aka maƙala a sama. Aka kafa kwamiti, mai kantin magani ya zama shugaba, ni aka ba ni rubutu.

Ranar Litinin ta farko muka gane abin da muka yi wa kanmu. Kicin yana ɓangaren asibiti. Kafin abinci ya isa ga tsofaffi sai an fita ta ƙofar gaba da tukunya, a zagaye ginin duka, a shiga ta titin baya. Ga shi sanyi ya kama, watan Yuni ne, lokacin hunturun ƙasarmu. Romo yakan iso da kitse ya daskare a samansa. Likita ma in an kira shi sai ya sa kwat da lema ya zagaya. Kwana biyar Don Ulpiano ya jure, a na shida ya zo da guduma da kurfi. Ya cire bulo goma sha biyu a tsakiyar katangar, daidai faɗin babbar tukunya, ya gyara gefen da siminti. Sannan ya je kantin magani ya karɓo babbar kalanda mai hoton shanu, ya rataye a kan ramin.

Doña Estela ta dawo bayan wata uku cif. Ta shiga ta sabuwar ƙofa, ta karanta allo, ta duba takardun kwamiti. Ta zo gaban katanga ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. Mu duka muna bayanta. Sai ta tsaya a gaban kalandar. Lokacin kuwa ana dafa dage-dagen naman rago da kabewa, ƙamshin yana fitowa ta gefen takardar kamar ana hura shi.

Ta ɗaga kalandar. Mai girkinmu tana tsaye a ɗaya ɓangaren da ludayi a hannu, suka haɗa ido.

"Barka da rana, ranki ya daɗe," in ji mai girki.

"Barka kadai," in ji Doña Estela. Ta saki kalandar ta koma wurinta. Ta juyo ta dubi Don Ulpiano. "Kalandarku ta bara ce. Ku nemi ta bana."

Ta sa hannu a takarda ta tafi. Don Aparicio ya yi dariya har sai da muka ba shi ruwa.

Sa hannu daban, isowar kuɗi daban. Wata goma sha huɗu muka yi a tsakani: asibiti ya daina ɗaukar nauyin tsofaffi, ɗaya ofishin kuma bai fara ba. A wannan lokacin Don Ulpiano ya ari keken doki ya riƙa bin gandayen da ya yi wa aski a da. Ba roƙo yake yi ba. Zai zauna a sha mate, a yi hirar ruwan sama, can sai ya ce, "Kun tuna wane, da ya yi muku kiwo shekara talatin? Yana wurinmu, yana gaishe ku." Kafin ya tashi an ɗaure masa rago a bayan keke. Ba duka suka bayar ba, akwai wanda ya sakar masa karnuka. Amma ba a taɓa yin mako ba nama ba. Mu kuma nas-nas muka riƙa zagayawa bayan mun tashi aiki.

Da kuɗin gwamnati ya fara zuwa, sai wata magana ta taso. Shi ma'aikacin asibiti ne, wancan ɓangaren kuwa ya daina zama asibiti. Aka ce ya zaɓa: ko ya zauna a asibiti yana tura keke har ya yi ritaya da cikakken fansho, ko ya koma ƙarƙashin kwamiti da albashin da bai kai na da ba. Saura shekara uku kacal ya gama. Na ce masa ya yi haƙuri ya ƙarasa, Dakta Larrosa ma ya ce haka. Doña Nélida ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A rana ta uku ta zo da kanta ta same ni a ofis.

"Zulma, rubuta masa takardar kawai," ta ce. "In ya zauna a wannan ɓangaren, ta cikin ramin nan zai riƙa leƙe har wuyansa ya karye."

Shekara tara ya ƙara yi a gidan. A hannunsa Don Aparicio ya cika, da hantsi, yana da shekara casa'in da huɗu, bayan ya gama ƙorafin cewa ruwan wanka ya yi zafi. Daga baya gwamnati ta gina wa gidan kicin nasa, ta ƙara ɗakuna huɗu, ta turo ma'aikata masu horo. Yanzu mutum ashirin da biyu ne a ciki, har daga ƙauyukan kewaye ake kawowa.

Da Doña Nélida ta rasu, 'yarsu ta zo ta tafi da shi Montevideo. Bai so ba, amma ƙugun ya tsananta, ita kuma ta ce ba za ta bar ubanta a hannun gwamnati ba tana raye. Ya ce mata ai shi kansa ne hannun gwamnatin nan tsawon shekara arba'in, ta ce ta ji, ya shiga mota.

Sau ɗaya na je duba shi. Suna hawa na biyar a wani dogon bene, ya zauna a bakin taga da bargo a gwiwa. Ya rame, amma idonsa na nan. Ya ce ruwan famfon birni yana ɓata ɗanɗanon mate, ya ce maƙwabcinsu shekara biyu suna haɗuwa a matakala bai san sunansa ba. Ya tambaye ni mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na tabbata ya san sun rasu, ni kuma na ba shi labarin kowa. Da zan tafi ya sa 'yarsa ta ɗauko wani buhu cike da rigunan sanyi, ashe ya daɗe yana bin mutanen benen yana karɓar waɗanda suka daina sawa.

"Ki ba masu ƙananan jiki na ulu," ya ce. "Su ne sanyi ya fi shiga."

Da buhun nan na hau bas, awa bakwai yana kan cinyata. Bayan wata biyar 'yarsa ta bugo waya ta ce ya rasu, Allah ya jiƙansa. A can suka binne shi. Mu shida muka je daga Paso Molle.

Ni ma na yi ritaya yanzu, amma har yau ni ce mai rubutun kwamiti. Tun bara ake ta maganar a sa wa gidan sunansa. Wasu sun ce sunan Dakta Larrosa ya fi dacewa tunda shi ya fara kwantar da mutane, jikan mai bulo kuma ya ce a tuna wanda ya ba da kayan gini. An yi zama uku ba a cimma matsaya ba. Ranar Talata za a sake zama, da ƙarfe huɗu, a ɗakin cin abinci na gidan.